Bugu 6 cikin 6 a Miami: yadda Ohtani ya kai 50-50 da abin da takardar sakamako ta ɓoye

Ranar Alhamis 19 ga Satumba 2024 ƙungiyar Los Angeles Dodgers ta je har Miami ta lallasa Marlins da ci 20 da 4, kuma in ba don mutum ɗaya ba da tuni an manta da wasan, don irin wannan kaye ana yinsa a besbol duk shekara, kowace ƙungiya wasa 162 take bugawa a kaka ɗaya, yau a ba ka kashi gobe ka rama. Mutumin shi ne Shohei Ohtani ɗan ƙasar Japan, kuma ga layin da aka rubuta a gaban sunansa a takardar sakamako: ya shiga bugu sau 6, ya dace sau 6, hom ron 3, dabul 2, singil 1, RBI 10, shi da kansa ya ci maki 4, ya saci tasha sau 2. A wannan yammacin ya zama mutum na farko a tarihin babbar gasar besbol ta Amurka, wato MLB, da ya haɗa hom ron 50 da satar tasha 50 a kaka ɗaya.

Ni dai abin da ke damuna da yadda ake yaɗa wannan layi shi ne mutane na ɗaukarsa dunƙule, a liƙa hoto a rubuta lambobi a wuce, alhali bugun nan shida ba darajarsu ɗaya ba, wasu an yi su lokacin da wasa ke da rai, wani kuma an yi shi bayan an riga an tashi kasuwa. In ba a bi su ɗaya bayan ɗaya ba to ba a san me ya faru ba, ko wajen yabo ko wajen rage yabon.

Bari in ɗan share fage saboda waɗanda ba sa kallon wasan. Fili ne mai tasha huɗu a jere kamar kusurwa huɗu, ta ɗaya, ta biyu, ta uku, sai gida, tsakanin kowace tasha da 'yar uwarta ƙafa 90. Mai jifa yana tsaye a tsakiya yana wurgo ƙwallo, mai bugu yana gida da sandarsa, in ya buga ƙwallon ta faɗi inda masu tsaron fili ba su cafe ba har ya isa tasha ta ɗaya lafiya to ya yi singil, in ya kai ta biyu dabul, ta uku tiriful, in kuma ya ɗaga ta ta tsallake katangar fili gaba ɗaya shi ne hom ron, sai ya zagaya tashoshin nan a tsanake ya dawo gida, shi da duk abokansa da ke tsaye a kan tasha kowa maki ɗaya. RBI kuma lissafin makin da bugunka ya jawo ne, ko kai ka ci ko abokinka ya shigo gida ta dalilinka. Satar tasha ita ce kana tsaye a tasha, mai jifa na shirin wurga wa mai bugu, kai kuma ka fyalla zuwa ta gaba kafin mai cafewa da ke tsugune a bayan gida ya harbo ƙwallo a taɓa ka da ita. In an taɓa ka ka fita. Mutum uku suka fita, zagayen ƙungiyarku ya ƙare. Zagaye 9 ake yi. Iyakar abin da ake buƙata kenan don a bi labarin.

Ohtani ya shigo wasan da hom ron 48 da sata 49, saura wasa 10 kaka ta ƙare har da wannan ɗin, don haka kowa ya san zai iya kaiwa, sai dai ba wanda ya yi zaton a yini ɗaya zai kammala duka biyun. Shi ne na farko a jerin masu bugu na Dodgers, matsayin da ya koma tun watan Yuni da Mookie Betts ya karye a hannu, ku riƙe wannan don zai yi amfani a gaba.

Zagaye na ɗaya, Edward Cabrera ne ke jifa wa Marlins. Ohtani ya narka ƙwallo ta je ta daki katanga, kaɗan ya rage ta fita, ya tsaya a tasha ta biyu. Bayan Freddie Freeman ya samu shiga tasha ta ɗaya sai su biyun suka tashi a tare, Ohtani ya nufi ta uku, kuma duk wanda ya ga hoton bidiyon ya san jifan mai cafewa Nick Fortes ya riga shi isa, ƙwallo na hannun mai tsaron tasha yana jira, sai dai Ohtani ya zame ya cusa ƙafa ta ƙarƙashin safar hannun kafin a taɓa shi. Alƙali ya ce ya tsira. Sata ta 50 kenan. Satar tasha ta uku ta fi ta biyu haɗari don ta fi kusa da mai cafewa, jifan gajere ne, kuma a lokacin ba a ci ko maki ɗaya ba a wasan, da an kama shi da ya ɓata wa ƙungiyarsa dama mai kyau. Daga nan Will Smith ya ɗaga ƙwallo can nesa aka cafe, Ohtani ya taho gida, 1 da 0. Wannan makin ƙafarsa ce ta samar da shi, da yana tasha ta biyu da bugun Smith bai kawo shi gida ba. Shi ya sa ni a wurina wannan zagayen na farko ya fi wasu hom ron ɗin nauyi duk da ba shi ake nunawa ba.

Zagaye na biyu ya yi singil ya shigo da mutum ɗaya, ya sake sace tasha ta biyu ko jifa ba a yi ba, sata ta 51. Wannan kam ba wani dogon zance.

Na ukun ne nake so a tsaya a kai. Mutum biyu na kan tasha, ya tsaga ƙwallo tsakanin masu tsaron bayan fili, duka biyun suka shigo, shi kuma da ya iso tasha ta biyu bai tsaya ba ya zarce ta uku, aka mayo ƙwallo da sauri aka taɓa shi, ya fita. To a takardar sakamako wannan dabul ne da RBI 2, cikakken bugu, fitar da ya yi ba ta taɓa lissafin 6 cikin 6 ba ko kaɗan, domin ƙa'ida ta ce ana ba ka tashar ƙarshe da ka isa lafiya. Wanda ya karanta layin kawai zai ɗauka ba a fitar da shi ko sau ɗaya ba ranar, alhali an fitar da shi. Kuma da ya isa lafiya da ya haɗa singil da dabul da tiriful da hom ron a wasa ɗaya, abin da ya taɓa yi a 2019 yana tsohuwar ƙungiyarsa Los Angeles Angels, da ƙarin hom ron biyu a kai. Taku ɗaya ko biyu ne suka raba. Wasu na cewa ganganci ne, ni ban ga haka ba, ƙungiyarsa ta riga ta yi nisa a gaba, makin biyu sun riga sun shiga, kuma wannan zarcewar ita ce ainihin halin da ya kai shi sata 50, mutum ne da duk kakar nan bai yarda ya tsaya inda aka ce ya isa ba.

Zuwa nan fa zagaye 3 kacal aka yi, yana da bugu 3, RBI 3, sata 2, kuma wasan a zahiri a nan aka ci shi. Duk abin da ya biyo baya tarihi ne ake rubutawa, ba neman nasara ba.

Zagaye na shida George Soriano ya sako masa ƙwallo mai lanƙwasa, ya aika ta bene na sama ta ɓangaren dama, ƙafa 438, hom ron na 49, wanda ya kamo tarihin Shawn Green na Dodgers da ya kafa a 2001. Sai zagaye na bakwai, wanda shi ne zuciyar lamarin, kuma abin sha'awa ba Ohtani kaɗai ke da hannu a ciki ba.

Ga yadda abin yake. An fitar da mutum biyu, Dodgers na da masu gudu a kan tasha, tasha ta ɗaya kuma babu kowa. A besbol koci na da damar ya ɗaga yatsu huɗu kawai a ce wa mai bugu wuce tasha ta ɗaya kyauta, ba jifa ba bugu, ana yin haka ne in ana tsoron mutum kuma akwai gurbin da za a ajiye shi. Duk littafin dabara zai ce ga mutum ya buga 4 cikin 4, ga gurbi, ka wuce da shi ka fuskanci na bayansa. Kocin Marlins Skip Schumaker ya ƙi. Kyamara ta nuno shi a benci yana nuna ba zai yi ba, bayan wasa kuma ya ce wa 'yan jarida a ganinsa wuce da shi mummunan mataki ne, rashin mutunta wasan ne, abin da ya dace shi ne a tunkare shi a ga ko za a iya fitar da shi. Mai jifa Mike Baumann ya tunkare shi kuwa da gaske, har ya samu sitirayik 2 a kansa, wato jifa biyu da aka lissafa wa mai bugu a matsayin kuskure, saura ɗaya ya fita, sai ya sako mai lanƙwasa ta gefen waje, Ohtani da ke bugu ta hagu bai jawo ta ɓangarensa ba, ya bi ta inda ta nufa ya tura ta hagun fili, ta tsallake katanga, ƙafa 391. Hom ron na 50, ci ya koma 14 da 3. 'Yan kallo a filin abokan hamayya suka miƙe suna tafi har sai da ya sake fitowa daga benci ya ɗaga musu hannu, abin da ba kasafai ake yi wa baƙo ba.

Ina ganin Schumaker ya yi daidai, kuma ba don tausayi ko son a ga tarihi kawai ba. An riga an ba shi tazarar maki 8 ko 9, ƙungiyarsa ba inda za ta, wuce da Ohtani ba zai dawo masa da wasan ba, abin da kawai zai samu shi ne a ce ba a kansa aka kafa tarihi ba. Wannan kare suna ne, ba dabarar wasa ba. Ga kuma Betts da Freeman na biye, ba wai in ka tsallake Ohtani ka huta ba ne. Amma dole a faɗa, da wasan 4 da 3 ne ana neman gurbin wasannin ƙarshen kaka, da wuya wani koci ya bar shi ya buga, kenan lamba ta 50 ɗin nan a wannan rana ta samu ne da haɗin yanayin wasa da shawarar wani mutum da sunansa ba ya cikin layin Ohtani. Babu gurbi a takardar sakamako da ake rubuta irin wannan.

Sai na shida, wanda shi ne nake cewa a rage masa farashi. Zagaye na tara Marlins ba su so su ƙara gajiyar da masu jifansu a wasan da ya riga ya lalace, sai suka ɗauko Vidal Bruján wanda ba mai jifa ba ne, ɗan tsaron fili ne, suka ce ya ƙarasa. Doka ta yarda da haka in ana binka maki 8 ko fiye. Irin waɗannan lallaɓa ƙwallo kawai suke yi ta iso, ba gudu ba lanƙwasa. Ohtani ya same ta ya kai ta bene, ƙafa 440, mutum biyu na kan tasha, RBI 3 a lokaci guda, daga 7 ya koma 10. Kamar a ce ɗan wasan gaba ya ci ƙwallo ta uku a minti na 90 bayan an kori gola an sa ɗan baya ya sa safar hannu, ƙwallo ce, za a rubuta, amma duk wanda ya kalla ya san bambancinta da ta farko. In aka cire wannan bugun layin zai koma 5 cikin 5, hom ron 2, RBI 7, sata 2, kuma har yanzu 50-50 na nan daram, don na Baumann ne ya cika ta. Wato tarihin kaka bai dogara da Bruján ba, amma lambar RBI 10, wadda ita ce tarihin Dodgers na wasa ɗaya, da hom ron 3 ɗin, sun dogara da shi. Ya kamata a raba biyun nan.

Ba Ohtani aka fara yi wa haka ba. Ranar 30 ga Afrilu 2017 Anthony Rendon na Washington Nationals ya yi 6 cikin 6, hom ron 3, RBI 10 a kan New York Mets, aka tashi 23 da 5, kuma shi ma hom ron ɗinsa na ƙarshe a kan Kevin Plawecki ya buga, wanda mai cafewa ne aka ce ya zo ya yi jifa. Dalilin a bayyane yake, kafin mutum ya samu shiga bugu sau 6 a wasan zagaye 9 sai ƙungiyarsa ta yi ta zagayowa, in ta yi ta zagayowa kuma an ragargaza masu jifan hamayya kenan, don haka manyan layukan wasa ɗaya kusan kullum a wasan da ya lalace ake samunsu. Shawn Green ɗin da aka ambata shi ma yana da nasa a Milwaukee ranar 23 ga Mayu 2002, 6 cikin 6 da hom ron 4, jimillar tashoshin da bugunsa ya kai shi 19, wanda ya fi 17 ɗin Ohtani. Tarihin RBI a wasa ɗaya kuwa 12 ne, Jim Bottomley a 1924 da Mark Whiten a 1993. Abin da Ohtani ya fi su da shi shi ne ƙafa, ba wanda ya taɓa haɗa hom ron 3 da sata 2 a wasa ɗaya kafin shi.

RBI 10 ɗin ma akwai masu haƙƙi a ciki. Uku daga ciki shi ne ya shigo da kansa, sauran 7 mutane ne da suka riga shi hawa tasha, kuma tunda shi ne na farko a jeri, waɗanda ke gabansa in an zagayo su ne na ƙasan jeri, irin su Max Muncy, Gavin Lux, Andy Pages, Chris Taylor, mutanen da aka sa a can don ba su ne aka fi dogara da su ba. Ranar sun yi ta hawa tasha suna jiransa. Da ba su hau ba, bugu shidan nan dai za su kasance yadda suke amma RBI zai tsaya a 3. Shi ya sa masu nazarin alƙaluma na zamani ba sa ba RBI nauyi sosai wajen auna mutum, rabinsa aikinka ne rabi na maƙwabta.

Su kuma Marlins na ranar, gaskiya ragowar ƙungiya ce. A watan Mayu sun sayar da Luis Arraez ga San Diego, a Yuli Jazz Chisholm ya tafi Yankees, Tanner Scott babban mai rufe musu wasa shi ma ya tafi San Diego, manyan masu jifansu Sandy Alcantara da Eury Pérez duk kakar suna jinyar tiyatar gwiwar hannu. Sun ƙare shekarar da nasara 62 da rashin nasara 100. Filin ma bai cika ba, 'yan kallo ba su kai dubu 16 ba.

To duk da na jero waɗannan, kar wani ya ɗauka ina cewa abin banza ne. Wallahi ba haka ba. Ƙungiyoyi 30 ne a gasar, kowa na haɗuwa da raunanan ƙungiyoyi, kowa na samun ranar da ake wurgo masa ƙwallo a sauƙaƙe, shekara sama da 100 ana haka, me ya sa ba wanda ya yi 50-50? Saboda jikin da ke buga hom ron 50 da jikin da ke satar tasha 50 yawanci ba ɗaya ba ne, kuma ko an samu mai duka biyun, koci ba ya son babban mai bugunsa ya riƙa zamewa a ƙasa kullum yana kasadar yatsu da kafaɗa. Kafin 2024 duk wanda ya buga hom ron 50 a kaka, mafi yawan satar da aka gani a tare da ita 24 ce, Willie Mays a 1955 da Alex Rodriguez a 2007. Ko 40-40 mutum biyar ne suka taɓa yi kafin shi: Jose Canseco 1988, Barry Bonds 1996, Rodriguez 1998, Alfonso Soriano 2006, Ronald Acuña 2023. Ohtani ya shiga cikinsu tun 23 ga Agusta, da hom ron na maki 4 da ya rufe wasa da Tampa Bay, saura fiye da wata guda kaka ta ƙare.

Akwai masu cewa ai dokar ce aka sassauta, kuma suna da hujja. Daga 2023 an ƙara girman tasha daga inci 15 zuwa 18, tazarar gudu ta ragu da inci 4 da rabi, an sa agogon jifa, an kuma ce mai jifa sau 2 kawai zai iya juyawa ya yi barazana ga mai gudu a kan mai bugu ɗaya, in ya yi na uku bai kama shi ba an ba mai gudu tasha kyauta. Satar tasha a gasar gaba ɗaya ta tashi daga wajen 2,500 a 2022 zuwa wajen 3,500 a 2023. Don haka sata 50 ta yanzu ba daidai take da ta zamanin Rickey Henderson da ya yi 130 a 1982 ba, wannan ba gardama. Amma dokar ai ta kowa ce, kuma a 2024 mutum ɗaya ne kawai ya fi Ohtani sata, Elly De La Cruz na Cincinnati da 67. Sannan abin da ya fi yawan ma muhimmanci shi ne sau nawa aka kama ka, don duk kamu ɗaya asarar mutum ne da asarar dama. Ohtani ya gwada sau 63 a kakar, ya tsira sau 59, an kama shi sau 4 kacal. Wannan ba neman lamba ido rufe ba ne, karatun mai jifa ne, sanin lokacin da zai ɗaga ƙafa da daƙiƙar da za a tashi.

Abin da ya fi taɓa ni a lamarin shi ne dalilin da ya sa ya samu sararin yin gudun tun farko. Ohtani an san shi ne da abu biyu, jifa da bugu, abin da tun zamanin Babe Ruth ba a ga mai yinsa a wannan mataki ba. A wannan filin na Miami ne ma a Maris 2023 ya fitar da Mike Trout da jifan ƙarshe Japan ta ci Amurka 3 da 2 ta ɗauki kofin duniya na besbol. Sai jijiyar gwiwar hannunsa ta dama ta sake yagewa, aka yi masa tiyata ranar 19 ga Satumba 2023, shekara ɗaya cif kafin wannan wasa. Dodgers suka ɗauke shi a kan dala miliyan 700 na shekara 10, wanda miliyan 680 daga ciki sai bayan kwantiragin ya ƙare za a fara biya, suna sane cewa a 2024 ba zai yi jifa ko ɗaya ba. Bugu kawai zai yi, ko tsaron fili ba ya yi. Wani da sai ya ce to bari in lallaɓa in warke. Shi sai ya ɗauki ƙarfin da da zai kashe a jifa ya mayar da shi ƙafa, mutumin da bai taɓa wuce sata 26 a kaka ba ya ninka ta har da ɗori. Kenan 50-50 ɗin 'yar rauni ce, da hannunsa lafiya da wuya a gan ta.

Kuma ranar ba ta tsaya ita kaɗai ba, wannan ma amsa ce ga mai cewa sa'ar yini ɗaya ce. Ya shigo wasan matsakaicin bugunsa, wato yawan dacewarsa in an raba da yawan shigarsa bugu, .287, ya fita da .294, a wasa 10 na ƙarshe har da wannan ya dace sau 27 cikin 43, ya ƙare kaka da .310, hom ron 54, sata 59, RBI 130, maki 134. Ya wuce Ichiro Suzuki mai sata 56 a 2001 a matsayin ɗan Japan mafi yawan sata a kaka, shi ma kocinsa Dave Roberts wanda aka haifa a Okinawa yana da 49 a 2006, a ranar Miamin aka wuce shi yana tsaye a benci yana kallo. Kaɗan ya rage ya haɗa kambi uku, wato ya fi kowa hom ron da RBI da matsakaicin bugu a ɓangarensu na gasar, Arraez ɗin da Marlins suka sayar ne ya tsere masa a matsakaicin bugu da .314. Aka ba shi gwarzon ɗan wasan ɓangaren National, ɗaya daga ɓangarori biyu na gasar, ba hamayya, karon farko da wanda bugu kawai yake yi ya samu.

Nasarar ranar kuma ita ta tabbatar wa Dodgers gurbin wasannin ƙarshen kaka, su wannan ba sabon abu ba ne a wurinsu, amma shi ne karonsa na farko, shekara 6 ya yi a Los Angeles Angels tare da Trout ba su taɓa leƙawa ba ko sau ɗaya. Ƙwallon hom ron na 50 kuwa wani ɗan kallo ya tafi da ita, aka yi ta shari'a a kan wa ya fara riƙe ta, a watan Oktoba aka yi gwanjonta a kan dala miliyan 4.39, mafi tsadar ƙwallo da aka taɓa sayarwa, wani kamfanin Taiwan ya saya.

Kasadar da koci-koci ke tsoro ita ma ta zo, ba ta yi nisa ba. A wasa na biyu na World Series, wato karawar ƙarshe ta ɗaukar kofi, da New York Yankees, Ohtani ya tashi satar tasha ta biyu, ya zame ya dafa ƙasa da hannun hagu, kafaɗa ta goce, kuma an kama shi a satar. Ya ci gaba da bugawa a haka yana riƙe da wuyan rigarsa in yana gudu don kar hannun ya motsa, ya ƙare gasar da bugu 2 cikin 19, Dodgers suka ɗauki kofi da wasa 4 da 1 bisa ƙoƙarin su Freeman, bayan nan aka yi masa tiyatar kafaɗar. A watan Yuni 2025 ya koma jifa, hom ron ɗinsa ya ƙaru zuwa 55, sata kuma ta sauko zuwa 20. Muddin yana jifa ban ga Dodgers za su sake sakar masa mara ya yi gudu irin na 2024 ba, kuma in ni ne Roberts ni ma ba zan bari ba.